Gwafa Biyu Kafin Sha Shida ga Yuni

Pinchbeck, Litinin, 20 ga Maris, 1995

Zuwa ga ɗana Clive,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, teku kuma ba ta cika wahalar da kai ba. Rabona da kai tun ranar da muka binne mahaifinka, ƙanena Cyril, shekara huɗu ke nan. Laifin namu ne mu biyu.

Lafiyata ga yadda take, ba ƙari ba ragi. A watan Nuwamba ɓarin jikina ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo rabi. Hannun dama yana iya dafa abu, amma ko cokali ba ya ɗagawa. Kaina kuwa ƙalau yake, duk da abin da za ka ji daga bakin ɗana Howard.

Ina kwance a asibiti Howard ya shiga ɗakin ajiyar bayan gida ya kwashe kayan fatsata kaf: kwando, kwalayen ƙugiya, lema, har gwafannin da marigayi mijina Arnold ya yi amfani da su shekara arba'in. Sanda ɗaya ta tsira, ita da abin naɗe zarenta da ragar ɗauka, don tun da can a bayan kabad ɗin ɗakin kwanana suke. A madadinsu ya kawo mini ƙarfen nan na tsofaffi mai ƙafa huɗu. Na sa masa suna Jaki, na ajiye shi a kicin ina shanya tsumma a kai.

Yanzu maganarsa ɗaya ce: a sayar da gidan nan, in koma gidan tsofaffi kusa da shi a Peterborough. Na ce masa shekara hamsin da ɗaya ban taɓa fashin sha shida ga Yuni, ranar da ake buɗe kogi ga masu fatsa, ba, kuma ba zan fara bana ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Mama, in kika je bakin kogin Glen da ƙafarki ran sha shida ga Yuni, kika kama kifi, kika mayar da shi ruwa, ba wanda ya sa miki hannu, na daina maganar har abada." Na sa ya rubuta, ya sa hannu. Ya yarda ne don yana zaton ba ni da ko ƙugiya.

An rufe kogi kwana shida da suka wuce. Ina da wata uku.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mai hannu ɗaya ba ta riƙe sanda tana naɗe zare. Dole sandar ta kwanta a kan wani abu. Ina neman gwafa biyu irin ta da, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gindi. Na shiga shago uku a Spalding. A na ukun, mai shagon ya ciro mini wani abu mai ƙafafu kamar gizo-gizo, da fitilu, da ƙararrawar batir da ke kuka in kifi ya taɓa.

Na ce, "Sanda mai baki biyu nake nema, wadda ake cakawa a ƙasa."

Ya ce, "Haba Iya, wa ke neman wannan yanzu? Jikanki za ki saya wa?"

Na ce, "Kaina zan saya wa. Tun kafin a haifi ubanka nake gane cizon kifi ba tare da an kaɗa mini ƙararrawa ba."

Ya ce akwai 'yan sirara na ƙarfe a ƙasan kanta. Na gwada ɗaya. Irin waɗanda ake murzawa da hannu biyu ne, kuma ka san yumɓun bakin Glen a watan Yuni, ya fi bulo tauri. Itace ma ba zan iya sarowa ba, ga shi ƙungiyarmu ta masu fatsa ta hana taɓa bishiyoyin gaɓa.

Kai mai walda ne. Ka yi mini su da ƙarfe: ta gaba ƙafa biyu da rabi, ta baya ƙafa biyu, ƙasansu da tsini, kowace da ɗan mataki inci shida daga tsinin, yadda zan taka da ƙafar hagu ta shige. Shi ke nan abin da nake roƙo. Kada Howard ya ji.

Gwaggonka,
Muriel Sneath


Aberdeen, Juma'a, 14 ga Afrilu, 1995

Gwaggo Muriel,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki. Ni lafiyata lau, ban da gwiwar nan da ke tuna mini da kanta duk lokacin da zan hau tsani.

Ki yi haƙuri da jinkiri. Mako uku nake yi a kan rijiyar mai a tsakiyar teku, wasiƙu kuma ba sa bin mu can, a bayan ƙofa suke taruwa. Jiya da rana na sauka na tarar da taki.

Wallahi Gwaggo ban san abin ya kai haka ba. Katin Kirsimeti da Howard ya aiko cewa kawai ya yi kin ɗan yi rashin lafiya. Na karanta wasiƙarki sau uku ina tsaye da jaka a kafaɗa. Ba zan ɓoye miki abin da ya fi tayar mini da hankali ba. Ke ce kika yi shekara talatin kina gyara rubutun 'yan jarida, ke ce kika taɓa mayar mini da wasiƙar godiya ina ɗan shekara tara da jan biro a jikinta. A wannan wasiƙar na ƙirga kuskure goma sha ɗaya. Wasu haruffan sun hau kan juna, wani layin ya gangara har ya fita daga takarda.

Na je babban shagon kayan fatsa na garin nan na sayo miki mafi kyawun abin da suke da shi. Yana tsayawa da kansa, ba sai an caka ba, yana ɗaukar sanda uku, ƙararrawarsa kuma ko kin yi gyangyaɗi za ta tashe ki. Mutumin ya ce duk masu kamun manyan kifaye shi suke so. Gobe zan kai shi gidan waya tare da wannan takardar.

Saura abu ɗaya, gara ki ji daga bakina. Na buga wa Howard waya. Ban gaya masa komai a kan gwafa ba, na dai tambaye shi yadda jikinki yake a gaskiya, ko likita ya yarda ki zauna bakin ruwa ke kaɗai. Cikin magana na ce ai tunda kina da sandarki, abin da sauƙi. Sai ya tambaye ni wace sanda.

Gaɓar Glen tana da santsi, Gwaggo. Na tuna ta.

Ɗanki,
Clive Ablett


Pinchbeck, Laraba, 19 ga Afrilu, 1995

Clive,

Ina amsa gaisuwarka. Gwiwa kuwa ta gado ce, ubanka ma haka ya yi fama. Ni ina nan yadda nake.

Yanzu na gane abin da ya faru ranar Lahadi. Howard ya zo cin abincin Ista da furanni a hannu, abin da bai saba ba. Ina ɗora dankali na ji motsi a sama. Na hau, kuma hawa bene a wurina aikin minti huɗu ne, na same shi a durƙushe, rabinsa a ƙarƙashin gadona.

Na ce, "Me ka jefar?"

Ya ce, "Ƙura nake dubawa, Mama."

Na ce, "Shekararka arba'in da takwas, yau ka fara sanin akwai ƙura a duniya? Fito, kafin ka maƙale in kira 'yan kwana-kwana."

Bai duba bayan kabad ba. Tun yana yaro ba ya neman abu sama da gwiwarsa. Sandar tana nan.

Jiya ƙunshinka ya iso, da wasiƙarka, sai na san wanda ya ba shi labari. Ban yi fushi irin na zagi ba. Zan dai gaya maka abu biyu, ka riƙe.

Na ɗaya, kuskuren nan goma sha ɗaya. Goma sha uku ne, ka tsallake biyu. Da yatsa ɗaya na hannun hagu nake buga tafireta, ba ni da hannun da zan riƙe takarda ta miƙe. Ka dubi haruffa ka yanke wa ƙwaƙwalwata hukunci. Ka koma ka karanta abin da jimlolin suka faɗa, ka nuna mini wadda ba ta da kai. Na ba ka tsawo, na ba ka wurin mataki da inci. Ka karanta tsoronka, ba ka karanta wasiƙata ba.

Na biyu, gizo-gizonka. Na zazzage shi a kan tebur. Gunduwa ashirin da uku ne, da littafin bayani mai shafi goma sha shida, kuma hoton farko na wani mutum ne yana riƙe da ƙarfe a hannu ɗaya yana ɗaure noti da ɗayan. Na mayar da shi kwali. Mai kawo wasiƙu ya taimaka mini da liƙewa, yana hanyar komawa gare ka. Ka ba wani mai hannu biyu da ba ya iya kallon gashin dinyar da ake ɗaura wa zaren fatsa, ya yi yawo a kan ruwa yana nuna cizon kifi.

Ban tambaye ka ko ya dace in je ba. Wannan na riga na yanke. Gaɓar da kake tunawa na san kowane ramin ɓera da ke jikinta. Ina iya zamewa, gaskiya ne. A gidan tsofaffi ma ana faɗuwa, sai dai can a kan tayil ne, kana kallon bango.

Ga zane a bayan takardar nan, da hagu na yi shi. In za ka yi, ka yi. In ba za ka yi ba, layi ɗaya ya isa, in san inda zan nufa.

Muriel


Aberdeen, Alhamis, 4 ga Mayu, 1995

Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi, kunnuwana har yanzu da zafi. Ina fata ƙafar tana ƙara ƙarfi.

Na yi laifi, ba ni da ta cewa. Amma ki bar ni in faɗi dalili sau ɗaya, ba zan sake ba. Lokacin da mahaifiyata ta faɗi a kicin ɗinta, ina teku. Kwana biyu ta yi a ƙasa kafin maƙwabta su fasa ƙofa. Tun daga nan, duk wasiƙar da na tarar a bayan ƙofa sai na zauna kafin in buɗe. Taki ma da wannan idon na karanta ta.

Na yi gwafannin. Wani abokina yana da garejin walda a bakin tashar jiragen ruwa, ya bar mini wuri yini biyu. Ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kauri kamar ɗan yatsanki. Na bi zanenki layi-layi. Bakin ta gaba na goge shi sumul, na sa masa roba don kada ya ƙuje sandar. Matakin na gwada shi da nauyina a kan tsakuwa, bai ko lanƙwasa ba. Abokin nawa ya ce ko jirgin ruwa aka ɗaure a jiki zai riƙe.

Kin san ni ban taɓa kamun kifi ba. Sau ɗaya Baba ya kai ni, na yi ta jifan ruwa da duwatsu har Kawu Arnold ya ce a mayar da ni gida kafin ya jefa ni ciki. Saboda haka in akwai abin da ban yi daidai ba, ki faɗa.

Ranar Litinin zan koma teku, in dawo ashirin da tara ga wata. Ban sake kiran Howard ba. Shi ya kira, na ce masa aiki ya yi mini yawa.

Ɗanki,
Clive


Pinchbeck, Juma'a, 12 ga Mayu, 1995

Ɗana Clive,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa tana kai ni ƙofar lambu ta dawo da ni, sau shida a yini. Maganar mahaifiyarka na ji, kuma na karɓa. Ka faɗa sau ɗaya, na ji sau ɗaya.

Gwafanni sun iso. Aiki ne na mai hannu. Na taka ta baya a tsakiyar ciyawar lambu ta shige kamar wuƙa a man shanu, na tsaya ina kallonta ni kaɗai kamar wata sakarya.

Amma ta gaba ba za ta yi ba. Ka yi mata baki biyu da suka haɗu a ƙasa suka rufe ruf. Zaren fatsa a ƙarƙashin sanda yake bi. In na ɗora sandar a wannan baki, nauyinta zai danne zaren a jikin roba, ba zai tafi ba, ba zai dawo ba. Duk gwafar gaba tana da ɗan tsagi a gindin bakinta, sanda ta zauna a sama, zare ya wuce ta ƙasa a sake. Ga mai hannu biyu ƙaramin abu ne, don yana ɗaga sandarsa kifi na ja. A wurina shi ne komai, domin sandar tana kwance zan naɗe, tana kwance zan saki. Na gwada: na ɗaura zaren a ƙofar lambu, na ɗora sanda, na juya. Sau biyu ya tsinke.

Ba laifinka ba ne kai kaɗai. Na tuna zanen. Na yi tsagin, amma da hagu, na tabbata ya fito kamar ɗigon tawada. Ni kuma ban rubuta shi da kalmomi ba, don a kaina kowa ya san da shi, kamar ramin allura. Shekara talatin ina gaya wa 'yan jarida kada su ɗauka mai karatu ya sani, ga ni na faɗa ramin da kaina.

Na nemi zarto na gwada. Ƙarfen da ka zaɓa ya yi mini dariya.

Ina mayar maka da ta gaba, na riƙe ta baya. Tsagin faɗinsa kamar kaurin ashana biyu, zurfinsa rabin inci, ka goge gefensa kada ya yanke zare. Ka dawo ashirin da tara, ka yi shi talatin, ya same ni da sauran mako biyu. Lokaci ya isa.

Gwaggonka,
Muriel


Pinchbeck, Talata, 6 ga Yuni, 1995

Clive,

Ina fata lafiya. Ni lafiya.

Kwana takwas ke nan da ranar da ka ce za ka sauka. Ba ƙunshi, ba layi. Na buga lambar gidanka sau uku tana ta ringi.

Ranar Lahadi Howard ya zo da takardun gidan tsofaffin, masu hoton wata mata tana murmushi ga kofin shayi. Fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya san wani abu. Ban tambaye shi ba. In kun sake magana kun yanke cewa hanyar da ta fi sauƙi ita ce a riƙe gwafar har ranar ta wuce, to dabara ce mai kyau, ba wanda zai ce ka ƙi ni. Sai dai na fi son a ƙi ni a fuska.

Ko da gwafa ko babu, ran sha shida ina bakin ruwa. Na danne ƙayar ƙugiyoyina da filaya don su fita da sauƙi. Na koyi caka ƙugiya a toshiyar kwalba in sa mata masara da hannu ɗaya. Saura inda zan ɗora sanda, shi ma zan samo.

M. Sneath


Aberdeen, Talata, 13 ga Yuni, 1995

Gwaggo,

Ina gaishe ki a gurguje, lafiyata ƙalau, ki yafe rubutun, a kan kantar gidan waya nake yi.

Ban yi magana da Howard ba, na rantse. Wanda zai karɓe ni ya karye a hannu, aka riƙe ni mako biyu, sannan hazo ya rufe teku jirage masu saukar ungulu suka kasa tashi. Yau da safe na sauka. Na tarar da gwafar da wasiƙunki biyu. Ta biyun ta yi mini ciwo, amma ni na fara karanta ki ba daidai ba, ba zan yi ƙorafi ba.

Ko wanka ban yi ba na wuce gareji. Tsagi ya samu: ashana biyu, rabin inci. Na ja zaren ɗinki a ciki sau ɗari bai ko yi gashi ba. Matar da ke kanta ta ce Alhamis, in an yi rashin sa'a Juma'a.

In bai iso ba, don Allah ki jira yini ɗaya. Kifin ba zai san kwanan wata ba.

Clive


Pinchbeck, Asabar, 17 ga Yuni, 1995

Zuwa ga ɗana Clive,

Bayan gaisuwa, ina fata ka yi wanka. Ni kafaɗata ta hagu tana ciwo, cinyata ta yi shuɗi, kuma rabona da jin daɗin jikina haka tun Nuwamba.

Da farko, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Na janye, ka yafe mini.

Ƙunshinka ya iso jiya da ƙarfe goma sha ɗaya. Maƙwabciya ce ta karɓa, ba na gida. Kifi bai san kwanan wata ba, amma takardar da Howard ya sa wa hannu ta sani.

Ranar Alhamis da rana, da mai kawo wasiƙu ya wuce bai tsaya ba, na zauna a kicin ina lissafin yadda mace mai hannu ɗaya za ta kai sanda da raga da gwafa da gwangwanin masara bakin kogi. Idona ya faɗa kan Jaki da tsummansa. Yana da ƙafa huɗu, ba sai an caka shi ba. Yana da ƙarfe a gicciye a gabansa, daga ƙasa, tsayinsa daidai gwiwa. Na ɗauko maƙalan shanya biyu na katako na maƙala a ƙarfen, kansu a buɗe, gindinsu da ɗan rata. Na ɗora sanda a tsakani. Zare ya wuce ta ƙasa, ya tafi, ya dawo.

Na rantse ba wanda zai gan ni a titi da abin nan. Jiya da safe garin duka ya gan ni. Na ɗaure masa kayana kamar jakin gaske, na dafa shi, muka tafi. Yadi ɗari huɗu, minti talatin da biyar. Howard yana biye da ni a mota a hankali kamar mai rakiyar gawa.

Na zauna a bencina na ƙasan gada, na taka gwafarka ta baya, na girke Jaki a gaba. Howard ya tsaya a saman gaɓa da fulas ɗin shayi.

Ya ce, "Mama, da maƙalan shanya za ki kama kifi?"

Na ce, "Da su na shanya kamfanka shekara goma sha takwas, ba su taɓa saki ba. Yi shiru, kana korar mini kifi."

Awa uku ba abin da ya taɓa. Rana ta ɗaga, ya fara duba agogo yana tari irin na mai son magana. Wajen tara da rabi na ga ƙananan kumfa suna tasowa gefen ganyen bado. Gashin dinyar ya ɗago, ya kwanta, ya fara tafiya a hankali. Na ɗaga sanda da hagu na soke. Nan take na san tenci ne, koren kifin nan mai ƙananan jajayen idanu, don ba wanda ke nutsawa da taurin kai irin nasa.

Na mayar da sandar kan maƙalai, na danne gindinta da cinya, na kama naɗi. Ya ja, na saki. Ya tsaya, na naɗe. Da ya nufi cikin bado, Jaki ya ɗaga ƙafa biyu sama. Sai ga Howard ya gangaro a guje, shayi na zuba a wandonsa, hannunsa ya miƙe zuwa ga raga.

Na ce, "Howard Sneath, ka taɓa ragar nan, ni da kai mun gama."

Ya tsaya cak. Ya cusa hannuwansa biyu a aljihu. Na ɗora ƙafar hagu na danne Jaki ya koma ƙasa. Sai na ji wata murya a bayana tana ihu, "Ta hagu, Mama, janyo shi ta hagu! Kar ki ba shi zare! Ga shi nan, ga shi nan ya juyo!" Ɗana ne, wanda ya zo ganin faɗuwata, yana tsalle a gaɓa da jiƙaƙƙen wando.

Minti goma sha biyu muka yi, shi ya duba agogo. Kifin ya kwanta a gefe, na saki naɗi, na ɗauki raga na zura a ƙarƙashinsa, na jawo ta kan ciyawa don ba zan iya ɗagawa ba. Na cire ƙugiya. Zai yi laba huɗu. Na dube shi, ya dube ni, na tura ragar ruwa na juya ta, ya tafi abinsa.

Howard ya juya. Ya hau wurin mota, ya buɗe but, ya dawo da wani abu a naɗe cikin buhu ya ajiye kusa da ni. Gwafannin Arnold ne. Bai zubar da komai ba, duk suna garejinsa. Ya ce tun Lahadin da ya kawo takardu suke cikin motar, ya kasa ba ni, ya kasa mayarwa.

Na ce, "Sai yanzu?"

Ya ce, "Da na ba ki da safe, da kin ce na sa miki hannu."

Gaskiya ya faɗa, ban dai gaya masa ba.

A hanyar komawa ya ce ya daina maganar gida kamar yadda ya rubuta, amma in sanyi ya shigo ƙasa ta fara ƙanƙara, ko za mu ɗan zauna mu duba. Na ce masa ba a rufe kogi sai sha huɗu ga Maris, ya same ni bayan nan in yana da magana.

Yau da safe na gwada gwafarka a lambu. Tsagin ya yi daidai, zare yana bi kamar ba a ɗora komai ba. Gobe ita zan kai. Jaki ma zai je, don wani ya ɗauki kaya.

Kana da hutu a Agusta. Ka zo, akwai wuri a benci, amma ka bar duwatsu a gida.

Kada ka wahalar da kanka da ƙirga. Kuskure tara ne a wasiƙar nan, na gan su duka, na bar su.

Gwaggonka,
Muriel Sneath